Katangar Ɗan'iya Dillalin Albasa

Ɗan'iya bai taɓa yarda da saman buhu ba. Tun yana saurayi mahaifinsa ya zaunar da shi a kasuwar albasa ta Malanville, ya koya masa cewa idan manomi ya kwance bakin buhu ya nuna manya masu sheƙi, a yi masa murmushi, a zura hannu can ciki a zaro ta ƙasa. Da wannan hannun ya yi dillanci har furfura ta fito masa, tsakanin manoman Garou da fataken da ke lodi zuwa kudu. Ya yi suna, don ba a cusa masa ruɓaɓɓiya. Sai dai halin ya biyo shi gida. In matarsa Zainabu ta ce gishiri ya ƙare, sai ya leƙa gwangwanin. In liman ya daɗe wajen gaisawa da shi, ya shiga tunanin abin da ake nema a wurinsa ke nan har la'asar.

Akwai wani ɓangaren sana'ar da ba ya son a tuna masa. Yakan hau saman babbar mota kamar mai duba igiyar lodi, alhali gidajen mutane yake leƙawa, ya ga wa ya cika rudu. Rudu dai rumbun kara ne da ake ɗagawa a kan itatuwa, a jibge albasa a ciki tun daga girbi har damina ta yi nisa, ta yi tsada. Da Ɗan'iya ya gano mai ajiya sai ya raɗa wa fatake, su kuwa su haɗa baki su ƙi taya masa, har buƙata ta matsa shi ya sayar da arha. Ya yi wa mutane da yawa haka, bai kuma manta ko ɗaya ba.

Bana ya gaji da ganin dukiya tana wucewa ta hannunsa zuwa na wasu. Ya sayar da gonar shinkafar da ya gada a bakin kogi, gonar da ke ciyar da gidansa duk shekara, ya zuba kuɗin kaf a albasa. Ya sa aka kafa masa rudu a bayan ɗaki, aka dinga shigo da kaya a amalanke bayan sallar asuba, a lulluɓe da tabarmi. Yanzu abincin gidansa gaba ɗaya yana cikin rudun nan, kuma a ganinsa babu wanda ya sani.

Abin da ya hana shi sakat shi ne katanga. Irin ta kowa ce a sabuwar unguwarsu, mita biyu, iyakar abin da dokar gari ta yarda. Ga shi manyan motoci na bin layinsu, da mutane zaune a saman kaya. Shi ya fi kowa sanin abin da ake hangowa daga can.

Magini ya ce ba zai ɗora ko bulo ɗaya ba sai da izini. Dole Ɗan'iya ya tafi ofishin magajin gari, inda ya tarar da jami'in gine-gine, wani mai fara'a da ake kira Almustapha. Fara'ar ce ma ta fara ba shi tsoro.

"Baba, doka mita biyu ta ce," in ji Almustapha. "In kana son ƙari, sai ka kawo dalili, kuma maƙwabcinka shi yarda. Amma in bulo mai huda za ka ɗorawa bisa, wanda iska ka ratsawa, ba ka buƙatar permi, takardar izini. Gobe ma ka soma."

"Huda?" in ji Ɗan'iya. "Inda iska ka shiga, ido ma na shiga."

Almustapha ya yi dariya. "To mi kaka ɓoyo haka, Baba?"

Wasa yake yi, amma Ɗan'iya bai ɗauke shi wasa ba. Ya ce a ransa, wannan an riga an yi magana da shi. Ya gyara zama, ya ce suturar iyali yake nema, matarsa ba ta iya sakewa a tsakar gida saboda mutanen kan motoci. Wannan fa Zainabu ake nufi, wadda kullum safiya tana ƙofar gida tana tuyar masa, ta san direbobin layin da sunayensu da na 'ya'yansu.

Saura maƙwabci. Alhaji Khalidu ɗan kasuwar shinkafa ne, mutumin Kamba da ya daɗe da zama a garin, ba shi da yawan magana. Ya saurari Ɗan'iya a zaurensa har ya gama, sannan ya rage murya.

"Malam Ɗan'iya, in ka ji tawa, kak ka ɗora. Abin da ka aje bayan ɗaki iskar gulbi yaka so."

Ɗan'iya ya ce, "Mi na aje?"

"Ni ban ce komi ba," in ji Khalidu.

Daga ranar babu wanda ya tsira. Ya zargi mai amalanke, ya zargi magini, ya zargi Almustapha. Ya tsare Zainabu da tambayar me take faɗa wa matar Khalidu in sun haɗu wajen niƙa. Bai taɓa kawo wa ransa ɓawon albasar da iska ke fitarwa ta ƙarƙashin ƙofa ba, wanda awakin unguwa ke bi suna lasa tun safe. Abin da ya yanke shi ne Khalidu na da ido a kan kayansa, shi ya sa ba ya son katangar ta tashi.

Sai ya yi dabara, kuma a gaskiya ta yi kaifi. Ranar da Almustapha ya zo awo tare da mai unguwa, Ɗan'iya ya jira mutane suka fito daga masallaci suka taru, sannan ya ɗaga murya ya ce shi dai mutuncin iyalinsa yake so ya rufe, ko akwai mai ja? Wane magidanci ne zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce bai yarda a suturta matar wani ba? Khalidu ya dube shi, ya ce, "Na yarda. Allah shi sa alheri." Aka ba da izini bisa ƙa'ida. Katanga ta tashi ta kowane gefe, toshe ƙam, har ta kusa kamo rufin ɗaki.

Zainabu 'yar manoman Garou ce, a gindin rudu ta girma. Ta daure har magini ya kwashe kayansa, sannan ta ce, "Maigida, gidanmu hili aka yin rudu, tsakiyar iska. Ka toshe ta ko'ina. Ko bulo kaɗan a cire wajen gulbi."

"Khalidu ya aiko ki?"

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Ta ɗauki kaskonta ta fita, ba ta sake tayar da zancen ba.

Damina ta sauka da ƙarfi. Gidan ya zama kamar tukunyar da aka rufe, wanki ya kwana a igiya bai bushe ba. Ɗan'iya ya san albasa a buhu fiye da kowa, amma bai taɓa renonta wata da watanni ba. Da farko ƙudaje ne suka yawaita. Daga baya wani baƙin ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashin rudu. Ya tsuguna ya duba, ya ce wannan aikin hannu ne, an yi masa asiri. Da a makon ya fitar da ita kasuwa, da ya tsira da fiye da rabi. Amma fitarwa na nufin kowa ya gani, fatake su gane a matse yake. Ya ƙara lulluɓe rudun da tabarmi, ya hana Zainabu zuwa bayan ɗaki.

Wata safiya aka yi sallama. Ya leƙo, sai ga Khalidu da magidantan unguwa da amalanke, kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle.

"Mun taho mu taya ka tsintar abin da ya saura," in ji Khalidu.

Ɗan'iya ya tare ƙofa, ya waiwaya ya kalli Zainabu. "Ke ta. Ke kig gaya musu."

"Ba wanda yag gaya muna," in ji Khalidu. "Mun bar cin tuwo waje don wari, Malam Ɗan'iya. 'Yan kabu-kabu ma sun bar bin layin ga."

Ya matsa gefe. Suka yini suna tsinta, hannuwansu sharkaf da baƙin ruwa, babu wanda ya ce masa ai an gaya maka. Mai kyau ba ta cika amalanke guda ba. Sauran aka loda za a kai bayan gari. Duk da haka Ɗan'iya bai yarda ya zauna ba, ya bi su a ƙafa, kada a karkatar da wani abu a hanya. Abin tausayi ne ganin dattijo yana gadin ruɓaɓɓiyar albasa, amma haka ya yi.

Jujin kuwa yana kan hanyar kogi. Sai da amalanken suka tsaya ya ɗaga kai ya ga inda yake. Ga gonar mahaifinsa nan gefe, shinkafa ta yi kore shar har gwiwa. Mutumin da ya saye ta ya miƙe daga cikin ruwa, ya gaishe shi da ladabi, ya dubi kayan.

"Malam Ɗan'iya, in zubarwa za a yi, a zuba min ita nan bakin gona mana. Taki ne."

Masu amalanke suka juyo suna jiran abin da zai ce. Ɗan'iya ya kawar da kai daga gonar. Ya ɗaga musu hannu, suka fara juyewa.