Lissafin Illo Majemi

Ni baduku ne, sunana Ado, kuma tun farkon shekarun ƴancin kai har idona ya fara gaza zura zare, ban ɗinka takalmi ko gidan wuƙa da fatar kowa ba sai ta Illo majemi. Majemarsa tana can gefen tabkin Madarunfa, nesa da gidaje, inda iska take kwashe warin ta yi daji da shi. Wari kam akwai shi. In Illo ya shigo sahu a masallaci, ko da sabulun Kano ya yi wanka, sai ka ga na kusa da shi yana ɗan muskutawa. Shi kuwa ko a jikinsa. Dogo ne siriri, bagaruwa ta rine masa hannu har gwiwa, ga gardamar tsiya.

Ba kyan fatarsa kaɗai ya sa aka san shi ba. Lissafinsa ne. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, allo ma bai yi nisa ba, amma Illo ba ya faɗin kuɗin fata sai ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗebo ƴaƴan bagaruwa daga aljihu ya shiga tsibawa. Kowane tsibi abu guda ne da fatar ta ci kafin ta zama abin sayarwa. Ga na ɗanyar fata da ya sayo wurin mahauta. Ga na toka da kanwa da ake jiƙa ta a ciki har gashi ya saki. Ga na kashin tantabara, mai sa ta laushi, wanda yake sayowa wurin wani mai tantabaru a Safo. Sai bagaruwa, uwar aikin gaba ɗaya, sai man gyaɗa na shafawa, sai karan dafi in ja ake so. Jakin da zai kai kaya Maradi da tsibinsa, tikitin kasuwa da nasa. Har wuƙar kankare gashi ba ta tsira ba, wai ai cinyewa take yi, wata rana sai an koma wurin maƙeri. Abin da ya rage a hannunsa bayan an gama rabon, shi ne riba.

Nakan ce masa, "Illo, rana tana yi. Hwaɗi kuɗi in tahi."

Sai ya ce, "Kai dai baduku ne, ba ka san komi ba sai huda. Tsaya ka ga abin da ka ka saye."

Haka zan tsaya, ina so ko ba na so, sai ya kai ƙarshe. Fatarsa kuma kullum ta fi ta majeman Maradi araha, abin da yake taƙama da shi ke nan. Yakan ce su haɗama ce ta yi musu yawa, ba su san abin da fata take ci ba, shi ya sa suke tsuga kuɗi. Mu masu saye me za mu ce? Sai mu gyaɗa kai mu ce gaskiyarka.

Ina kewar waɗannan shekaru, ba na ɓoyewa. Tabki cike, masunta suna jan koma, tsuntsaye sun rufe bakin ruwa. Jar akuya ta yi yawa a ƙasar nan, gyaɗa tana kuɗi, manomi ya sayar da buhunsa ya zo ya ce in ɗinka masa takalmi mai ado. In ka gangara majema da hantsi, za ka tarar da fatu jajaye an shanya su jere, Illo yana tsakiya yana faɗa da kudaje. A lokacin ne kuma za ka hango matarsa Barira tafe da masaki a ka, cike da garin bagaruwa.

Barira gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta jefo guda ɗaya sai ka kwana kana tunaninta. Ita ce mai dakan bagaruwa. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba: kwanson tauri gare shi, ƙurarsa kuma tana shaƙe mutum har ya yi ta atishawa yana hawaye. Ta daka, ta tankaɗe, ta sake dakan tsakin. Karan dafi ma ita. In rani ya yi tabki ya ja baya, ita da ƴaƴanta mata suke jido ruwan da ake cika tukwanen jima. Daga baya babbar, Dije, ta yi aure a Gabi, ƙaramar aka kai ta garin Sarkin Yamma, namijin ya tafi cin rani Kano ya zauna can. Turmi ya rage wa Barira ita kaɗai.

Sai fari ya zo, wanda duk mai shekaruna ba ya son tunawa. Dabbobi suka mutu, fata ta yi arha amma duk ramammiya, ba mai kuɗin saye. Da aka fara farfaɗowa kuma sai takalman roba suka cika kasuwa daga Najeriya, mu dukawa muka koma hamma a rumfa. A cikin wannan hali ne Hajiya Atika, wata ƴar kasuwa mai kai fatu Katsina, ta ba Illo aiki mafi girma da ya taɓa samu. Ya tsuguna ya yi mata tsibe-tsibensa, ya faɗi kuɗi, suka shirya. Ya zo rumfata yana washe baki, ya ce majema ta tashi daga suma.

Ba a yi nisa da aikin ba Barira ta kwanta. Tari ne da ta daɗe tana yi, kowa ya ɗauka na sanyi ne, sai ga shi ya hana ta numfashi. Aka sa ta a mota aka kai ta likita Maradi. Suka ce ƙura ce ta cinye mata ƙirji, kuma suka faɗa wa Illo ba tare da kwana-kwana ba: in ta koma bakin turmin nan, ya fara shirin likkafani.

Da aka dawo da ita gida, Illo ya ɗauki mata biyu ƴan unguwa suna yi masa daka, ya sami mai ga-ruwa yana cika masa tukwane. Ranar kasuwa ta zagayo, ya biya su, sannan ya shigo rumfata bai ko yi mini tsiyar da ya saba ba. Ya tsuguna ya share ƙasa. Ya jera tsibinsa na kullum, ya ƙara na masu daka, ya ƙara na ruwa. Kafin ya gama, ƴaƴan bagaruwar da ke hannunsa suka ƙare, har sai da ya sake laluben aljihu. Ya tattara ya sake daga farko. Haka dai ta fito.

Ya dubi tsibe-tsiben, ya ce, "Ado, ashe majeman Maradi ba ɓarayi ba ne."

Na ce, "Mi ya hwaru?"

Ya ce, "Na sa wuƙa cikin lissahi. Na sa jaki. Jaki, Ado! Ban sa Barira ba. Ribar da ni ka taƙama da ita shekara da shekaru, ashe ƙirjinta ne ni ka saida muku da araha."

Tausayinsa ya kama ni, ya kuma ba ni haushi, mutumin da ya lissafa cin wuƙa. Na ce ya koma wurin Hajiya Atika ya nemi ƙari. Ya ce ya riga ya faɗi kuɗi da bakinsa, kuma ko ta so, kasuwar Katsina ba za ta ɗauka ba. Gaskiya ya faɗa. In ya ci gaba da biyan masu daka, jarinsa zai ƙare kafin aikin ya ƙare. In ya fasa aikin, majema ta mutu, sunansa ya bi ta. Ya bar mai ga-ruwa ya ci gaba da aiki, ya sallami matan, bai san abin da zai yi ba.

Barira ta ji shiru a tsakar gida, ta gane. Ita ta ba ni labarin da bakinta daga baya. Ta lallaɓa ta tashi, ta zuba bagaruwa a turmi, ta ɗauki taɓarya. Illo ya dawo ya tarar da ita duƙe a kan turmi, tari ya turnuƙe ta. Ya zare taɓaryar daga hannunta, ya kai ta ɗaki ya kwantar.

Washegari unguwa ta tashi da wani irin daka da ba a taɓa ji ba, ba tsari ba daɗi, kamar ana saran icce. Mata suka leƙa ta saman danga, suka ga Illo majemi, da gemunsa da komai, ya ɗaure hanci da ƙyalle yana daka. Kafin azahar labari ya gama gari. Namiji da taɓarya! A majalisa aka ce ya kamata a saya masa zane. Ni ma na yi nawa, na tambaye shi ko ya iya luguden da ƴan mata suke yi. Ya buɗe mini tafin hannunsa duk ya fashe, ya ce, "Yi dariyarka. Kwana kaɗan ke nan na yi."

Ya gama aikin Hajiya Atika. Ya makara, amma ba fata ɗaya da ta sami aibi. Daga nan ya ƙara wa fatarsa kuɗi ta yi daidai da ta Maradi, wasu suka gudu, wasunmu muka zauna muna ƙunƙuni. Daka kuwa bai sake barin kowa ya yi masa ba.

Sai dai Barira ba ta haƙura ba. Dakan Illo ba ya laushi, ita kuma idonta ba ya iya gani ta ƙyale. Da ta ɗan ji sauƙi, in ya fita sai ta saci jiki ta gyara. Laushin garin ne ya tona ta. Illo ya yi faɗa, ta ce masa, "To ka koyi daka mana, in huta." Ya bi maƙwabta gida gida ya roƙe su kada wanda ya ara mata taɓarya. Tasu ta gida kuma, in ya gama dakan safe, sai ya saɓa ta a kafaɗa ya tafi da ita majema, ya dawo da ita da yamma. Hatsin tuwo ma inji ya koma kaiwa. Shekaru aka yi ana ganinsa haka a hanyar tabki, har yara suka daina binsa, har baƙo ne kaɗai yake tambaya.

Barira ta rayu ta ga jikokinta na Gabi sun yi wayo. Ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Bayan sadakar bakwai na je da safe in raka shi majema, don kada ya yi tafiyar shi kaɗai. Na ji ya gama daka. Ya fito da masakin gari a hannu, taɓarya a kafaɗa, sai da ya kai ƙofar gida ya ja ya tsaya. Ya juya ya dubi tsakar gidan, ya dube ni.

Ya ce, "Ado, yau wa ni ka ɓoye ma ita?"

Ya gyara mata zama a kafaɗa, muka kama hanyar tabki.