Giɓin Katangar Atika

Ba a taɓa ganin Atika 'yar Hizam ta zauna ta shanye shayinta ba. Inna Ganiya, uwarta, takan ce tun a ciki take shuri kamar an biyo ta. Sai yaƙi ya zo ya ƙara mata. Ubanta ya sauka birnin Ta'iz sayar da gahawa, igwa ta same shi a kasuwa. Yayanta Naji ya bi masu bindiga, shiru har yau. Aka bar ta da uwa mai ciwon gwiwa, da akuya, da gona ɗaya maƙale a jikin dutse.

Gonakin ƙauyen hawa-hawa ne, ta wani bisa ta wani, katangar duwatsu ke riƙe da ƙasar kowa. Ana gab da damina harsashin igwa ya yi wa katangar Atika giɓi kamar bakin tsoho. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa: ƙasar da kakanninta suka hauro da ita a kwando za ta gangara gonar Baffa Muƙbil da ke ƙasanta. A ƙauyen kuwa ƙasar da ruwa ya kawo maka taka ce, ba a zuwa biko.

"'Yata, kada ki wahalar da kanki," in ji Baffa Muƙbil, kumatu a kumbure da ganyen kat da yake taunawa. "Ƙasar nan ta gaji da ku, wajena take so."

"Baffa, da baki na gina katanga, da taka ta kai Makka."

Ginin bai dame ta ba. Gonar tana kallon tsaunin ƙetare, inda wani maharbi marar aikin yi yake kwance. Ko shanya ta motsa sai ya gaishe ta da harsashi. Sai gajimare ya sauko ya rufe kwarin ake iya fita. Shi kuma gajimaren nan shi ne mai kawo ruwan. Atika ta rasa addu'ar da za ta yi. Ta leƙa taga, ta dawo, ta share ɗakin da ta riga ta share, ta sake leƙawa.

"Ke, zauna! Jiri kike sa ni," in ji Inna.

"In na zauna me za mu ci baɗi, Inna? Dutse?"

Duk yammar da gajimare ya sauko sai ta fita a guje, ta mirgino dutse, ta ɗora, ido ɗaya a sama. Wani lokaci gajimaren ya yage ba sallama, ta kwanta ruf da ciki, harsashi ya fasa dutsen da ta ajiye. Baffa Muƙbil, laɓe a bayan tasa katangar, ba ya ɗaga ko tsakuwa.

"Babba a ƙasa, ƙanana a baya! Wannan gini ne ko tulin albasa?"

"Ashe kana so ta tsaya?"

"Ina so? Duwatsunki nake tsoro kada su karya mini gahawa."

Farcenta biyu suka fita. Katanga ta kai ƙugunta, saura kusurwa ɗaya, sai ranar nan sama ta yi baƙi, iska ta taso da ƙamshin ruwa. Duwatsun kusa sun ƙare. Atika ta tsaya, ta juya, ta ruga gida, ta sa ƙarfe ta ɓalle ƙyauren ɗakin Naji, wanda Inna take kullewa tun ranar da ya tafi.

Inna ta riƙe gefen ƙyauren. "In ya dawo fa?"

"Sai ya shiga ba ƙwanƙwasawa."

Tsohuwa ta saki.

Ruwa ya sami Atika a hanya da ƙyaure a ka. Ta kafa shi a giɓin, ta tokare da itace, ta ƙara da bayanta. Jan ruwa yana bi ta tsakanin ƙafafunta, katako yana kuka, ita tana zagin gajimare da maharbi da Naji gaba ɗaya. Har ruwa ya tsagaita ba ta gusa ba.

Baffa Muƙbil ya fito jiƙe sharkaf, ya duba abin da ya gangaro masa. Bai fi cikin kwando ba.

"Rowa dai gadon gidanku ce," ya ce.

Gajimare bai ɗaga ba tukuna, Atika ta riga ta haura neman dutse.