Dokin Ƙofar Gidan Magini

Da asuba, kafin gawayin dutsen guga ya kama, Inna Mai Guga takan fito da bokiti da tsumma ta wanke dokin ƙofar gidansu. Ba don tana ƙaunarsa ba. Idan Asabar ta zagayo baƙi na cika unguwar, kuma in suka tarar da datti a ƙofar, maganar sai ta kai ofishin masu kula da tsofaffin gine-gine.

Unguwar tsohuwa ce ƙwarai. Lungunanta matsattsu ne, bangon gidajen na da kauri, tagogin kuma 'yan ƙanana can sama kusa da rufi. Daga ƙofarsu, in ka tsallaka hanya, sai katangar tsohuwar maƙabarta, mai manyan itatuwa da duwatsun da rubutunsu ya goge. Mutane kan taso daga nesa a ƙarshen mako don su ga wannan, su ɗauki hoto, su koma gidajensu masu faɗin ƙofa.

Ƙofar gidan Inna ita ce aka fi tsayawa a kai. Siririya ce, an yi mata ado a sama, dokinta kuma na sassaƙaƙƙun duwatsu ne, ya kusa kai gwiwa. Mijinta ne ya gina shi. Magini ne, duk unguwar da sunan sana'arsa ake kiran sa. Da can wani mai haya ya fasa dokin ya shafe wurin da siminti. Lokacin da aka zo gyaran unguwar, Magini ya nemo irin duwatsun, ya mai da shi yadda kakanni suka bar shi. Ranar da ya gama, ya kira ta ta fito ta gani, yana ta murmushi kamar an yi masa haihuwa.

"Uwargida, ko bayan raina wannan ba zai motsa ba."

"To, Allah ya bar mana gwiwoyin tsallake shi," ta ce.

Bayan shekaru ɓarin jikinsa na dama ya shanye. 'Yarsu ta aiko da keken marasa lafiya. Keken na yawo daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa zaure, a nan tayarsa ke dungurar dutse ta tsaya.

Sau ɗaya maƙwabta suka gwada ɗaukar sa. Magini ƙato ne, ƙofar kuma ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Suka buga masa matacciyar kafaɗar a jikin bango, zanen da aka rufa masa ya zame, ga baƙi tsaye da wayoyi a hannu. Tun daga ranar ya rantse ba wanda zai sake ɗaga shi.

Inna ta je ofis. Jami'in ya ba ta kujera, ya saurare ta da ladabi, ya ce zai zo ya duba. Ya zo kuwa. Ya shafa duwatsun, ya yaba aikin, ya ce a gai da mai jiki. Game da fasawa, ya ce ba ya hannunsa, amma za a zauna a kai. Ta koma, aka ce ba a zauna ba. Ta sake komawa, aka ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Daga nan ta daina ɓata takalminta.

Haka suka zauna. Ita tana guga a zaure, kayan mutane jibge a gefenta, shi yana bayanta a keke yana kallon ɗan hasken da ke shigowa. Duk Asabar sai mai yi wa baƙi jagora, wanda yara ke kira Rediyo don bakinsa ba ya hutawa, ya tsaya a waje ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku dubi wannan ƙofa! Mutanen da sun san sirrin gini. An yi ta haka ne don duk mai shiga ya sunkuyar da kai, ya shiga da ladabi."

"Mai fita fa, Rediyo?" Inna kan ce daga ciki. "Shi da me zai fita?"

Baƙin su yi dariya, suna zaton cikin shirin ne.

Sai yayan Magini ya rasu, wanda ya koya masa riƙe cokalin gini. Aka wuce da makara ta gaban ƙofarsu, aka shiga da shi maƙabartar da ke tsallaken hanya. Magini na zaure. Abin da ya gani kawai ƙafafun mutane ne suna wucewa ta saman dokin ƙofa. Da daddare bai ci abinci ba, washegari ma haka. Ya ce a juya masa keken ya fuskanci bango.

"Maigida, ko ruwan shayi ne ka kurɓa."

"Bar shi. Ai na san ranar da zan fita. Ranar ba wanda zai damu ko zane ya zame."

Ta tsaya da kofin a hannu. Ba mace ce mai lallashi ba, bakinta bai iya ba. Ta ajiye kofin, ta shiga ɗaki, ta jawo buhun kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ta fito da guduma, ta durƙusa gaban dokin ƙofa.

Ƙarar bugun farko ce ta sa ya juyo da kansa.

"Ke! Me kike yi?"

"Abin da ka gani."

"Za su kore mu daga gidan nan!"

"Su kore mu. Ko ba komai sai sun fitar da kai tukuna."

Ta sake ɗaga gudumar. Ya yi wata irin ƙara, rabin bakinsa na rawa.

"Ba nan ba! Za ki tsaga shi, dutsen nan ba a samun irinsa. Wa ya ce miki ana dukan fuska? Ɗauko cizal."

Ta ɗauko ƙarfen sassaƙa dutsen daga cikin buhun.

"Sa bakinsa a tsagin da ke tsakiya. Ba siminti na sa ba, farar ƙasa ce da yashi, in kin bi ta a hankali za ta saki. A hankali na ce, ba wanki kike yi ba."

"Da bakin nan naka ka yi amfani da shi wajen cin abinci, da tuni ka warke."

Kwana biyu suna wannan aiki da ƙofa a rufe, yana faɗa tana ƙwaƙula. Ya sa ta yi wa kowane dutse alama da gawayi ta ƙasa, don kada ta rikita mazauninsu. A cikin faɗan nan ya shanye shayinsa bai ma lura ba. Da dutsen tsakiya ya fito, sauran suka biyo shi ba gardama.

Washegari da asuba ta jera duwatsun a zaure, ta tura keken. Ƙofar ta goge mata bayan hannu har ya yi jini, amma suka wuce. Iska ta bugi fuskar Magini. Ta tsallaka da shi hanya zuwa ƙyauren ƙarfe na maƙabarta. A kulle yake, mai gadi ba ya buɗewa sai rana ta fito, lokacin baƙi. Ta matsar da keken daf da ƙarfen. Can gefen wata itaciya ga sabuwar ƙasa ja. Ya ɗaga hannunsa mai rai, ya yi wa yayansa addu'a, ya daɗe.

"Mu koma," ta ce. "Gari na wayewa."

"Ɗan ƙara mini."

"Asabar ce, Maigida."

Iyakar fitarsa ke nan har yau: daga zaure zuwa ƙyauren nan, kafin unguwa ta farka, in sun dawo Inna ta mai da duwatsun mazauninsu. Ofis bai sani ba, ko kuma ya sani ya kau da kai, ba wanda ya tabbatar. Gadon bayan Inna ya fara ciwo saboda ɗaga duwatsu, ba ta gaya wa 'yarta ba.

Ni da ke maƙwabtaka da su, ganina da ita na ƙarshe, tana durƙushe a bakin ƙofa, Magini na ciki yana cewa dutsen hagun ya karkace. Ta gyara shi, ta cusa yashi a tsagogin da yatsa, ta bi da jiƙaƙƙen tsumma. Muryar Rediyo ta fara tasowa daga bakin lungu. Ta kama bango ta miƙe, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka ciki.