Allura a Kan Ja: Daga Kafin Soli Zuwa Kusada

Kafin Soli, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Liman na sallamewa na zari hulata na nufi bakin titi, ko kokon da matata Binta ta dama ban tsaya sha ba. Jiya da la'asar yayata Hajo ta bugo waya daga Kusada, ta ce an kira maniyyata, motarsu za ta tashi ƙarfe tara na safe zuwa Katsina, daga can sai jirgi. Babanmu, Malam Mati, yana cikinsu. "In kana da maganar da za ka yi da shi, Sada, ka zo ka yi ta. Shekarunshi saba'in da huɗu hwa." Da ina da hankali da tun jiyan na tafi, amma sai na kwana ina jera kalmomi ina rushewa.

Maganar kuwa ta mota ce. Baba ya yi shekara talatin yana kai hatsi kasuwanni da a-kori-kurarsa. Akwai agogon nan na gaban direba mai nuna juyin inji, wanda aka shafa wa ƙarshensa ja. Baba bai taɓa barin allurar ta leƙa wurin ba. Shekara uku da suka wuce na ari motar don ɗaukar kayan bikin wani abokina, na biye wa samari muka shiga filin ƙwallo wasan mota. Na danne totur ana yi mini tafi, har injin ya buga. Da aka jawo ta gida, Baba ya dafa bonet ya ce, "Ban taɓa kai ta can ba." Ni kuwa, don kunya ta rufe ni a gaban mutane, sai na buɗe baki na ce ai dama tsohuwar mota ce. Tun ranar gaisuwarmu ba ta wuce "ina wuni" da "lafiya lau" ba. Ina zuwa da Sallah, in durƙusa, in tashi, amma ban taɓa cewa ya yafe mini ba.

Binta ta biyo ni ƙofar gida ta ce, "Ai motar alhazan ta nan za ta bi. Ka tsaya bakin titi ka ɗaga mashi hannu mana."

Na ce mata abin da zan faɗa ba ya faɗuwa ta tagar mota mai gudu.

Kafin Soli zuwa Kankiya, shida da minti ashirin

Sai da na yi minti hamsin a tsaye, hadari na haɗuwa ta gabas, sannan wata ƙaramar mota ta tsaya. Direban saurayi ne, ya toshe ido da baƙin tabarau tun rana ba ta fito ba. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ni aka cusa kusa da giya, don haka agogon nan yana daidai hancina. Tun daga abin da ya faru ban sake riƙe sitiyari ba, sai na koma mai ƙirga laifin wasu. Duk motar da na shiga, idona na kan allura.

Wannan bawan Allah ba ya sauya giya sai motar ta yi kururuwa. Giya ɗaya, ja. Giya biyu, ja. Ya zo wuce tirela, ja. Tafiyar ba ta fi kilomita goma da 'yan kai ba, amma na ƙirga masa bakwai.

Na ce, "Direba, sau nawa kake kai ta nan a rana?"

Ya yi dariya. "Wa ke ƙirgawa, Malam? Inji kamar maƙogwaro ne, in ba ka yi kaki ba sai shi toshe. Ni in ban ga allura bisa ja ba, ban san na hito aiki ba."

Na yi niyyar yi masa wa'azi, sai na tuna wane ne ni. Gaskiya ma, a raina daɗi nake ji yana gudun. Muka tsaya a shingen jami'an tsaro, aka leƙa but, aka ce mu wuce. Ba mu yi nisa ba, daidai inda ake hango gidajen farko na Kankiya, sai tururi ya turnuƙe daga bonet. Maƙogwaron ya yi kaki har ya shaƙe. Direban ya fita da jarka yana neman ruwan lagireto, ni kuwa na biya shi kuɗinsa na kama tafiyar ƙasa, yayyafi na sauka a kaina.

Tashar Kankiya, bakwai da kwata

Ina isa ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. 'Yan acaɓa duk sun fake a rumfuna, na roƙi uku, kowa ya ce ko nawa zan ba shi ba zai fita ba. Sai ga motar da ke kan layin Kusada tana ruri, hayaƙi na fita ta salansa, ɗan kamasho na buga mata jiki yana ihu, "Kusada mutum ɗaya! Mutum ɗaya a tahi!" Na ruga na faɗa ciki ina hamdala.

Ina zama, mutum biyu daga cikin waɗanda na tarar suka buɗe ƙofa suka fice abinsu. Ashe ba matafiya ba ne, zaman cika mota suke yi. Rurin ma duk na kiran fasinja ne. Direban ya taka totur allura ta haye ja, ya ɗan gusa kamar taku ɗaya, ya dawo da baya. Da ya hango wani da jaka, sai ya sake. Sau goma sha ɗaya na ƙirga, taya ba ta bar inda take ba.

Na fita na sayi shayi da rabin burodi a rumfar da ke kusa, na ajiye su ban taɓa ba. Na duba agogo, takwas saura kwata. Na sake dubawa, takwas saura minti goma sha uku. Duk bas ɗin da ta wuce ta yi arewa sai na leƙa ko ta alhazan ce. Ƙarfe takwas da minti biyar motar ta cika da ƙyar, sai direban ya waiwayo ba ko kunya ya ce mu ɗan yi haƙuri, mai ya yi ƙasa, zai aika a sawo galan. Ya ƙone man a tsaye yana kiranmu. Na fito ina jin kamar in yi kuka.

Can gefe wani dattijo yana goge gilashin tsohuwar motarsa da tsumma, ruwan ya fara tsagaitawa. Ya ƙura mini ido.

"Kai ba Sada ba ne, na Malam Mati mai a-kori-kura?"

Na ce ni ne. Ya ce sunansa Ilu, a hannun Baba ya koyi tuƙi tun ina goye. Ba lodi yake ba, gida za shi Kusada, don jiya ya karɓo motar daga wurin bakanike. "An sa mata sabon ringi a inji. In za ka iya tahiyar haƙuri, shigo."

Hanyar Kusada, takwas da minti ashirin

Mu uku ne: shi, ni, da wata dattijuwar Bafulatana da ya rage wa hanya, tana rungume da ƙwaryar nono a cinya. Tsakanin Kankiya da Kusada bai fi kilomita ashirin da wani abu ba. Na lissafa, ko a hankali aka bi za mu isa kafin tara. Ban san mene ne a hankali ba sai da na ga na Malam Ilu. Allura ta hau kan lamba biyu ta yi zamanta kamar an kafe ta da ƙusa. Muka bar babban titi muka kama hanyar Kusada, gonaki hagu da dama, mutane sun fito shuka bayan ruwa. Mai babur ɗauke da buhu biyu ya wuce mu. Ƙafata ta dama sai danna ƙasan mota take yi ita kaɗai.

"Babu totur nan wajenka, Malam Sada," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Na ce, "Don Allah ko kaɗan a ƙara."

"Bakanike ya ce wata guda kar in matsa mata, in ba haka ba aikin ya tashi banza. Da ita nike ci da mutum tara."

Sai na tambaye shi sau nawa ya taɓa kai allura kan ja. Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Shekara ashirin da takwas ina bisa titi, sau ɗaya. Ranar da uwar ɗiyana ke naƙuda. Babanka ya ce mani, Ilu, jan nan ba ado ba ne, ajiya ce. Wanda ya kashe ta wurin wasa, ranar buƙata sai shi tarar babu." Ya ƙara da cewa shi tun ranar Juma'a ya je suka yi bankwana, suka yafi juna. Wanda ya koyi tuƙi ya je tun Juma'a, ɗan cikinsa yana hanya ranar tafiya. Kunya ta sa na juya fuska wajen taga.

Tara saura minti ashirin wayata ta yi ƙara. Hajo ce. "Kana ina? An ce lokacin jirgi ya matso, an ɗebe su tun ɗazu. Wayar Baba tana cikin jaka, a kashe."

Ban gama sauke wayar daga kunne ba sai ga farar bas ta taho daga gabanmu, jakunkuna iri ɗaya a ɗaure a samanta. Ta wuce mu fuu, ta watsa mana ruwan titi. A kujerar gaba, kusa da direba, na ga farin gemun Baba. Bai gan ni ba.

Ban roƙe shi ya juya ba. Motar mutum ce, abincin mutum tara ne. Malam Ilu ya taka burki, ya dube ni, ya dubi agogon gabansa.

"Ba ku gana ba ke nan?"

Na girgiza kai. Na ce, "Shekara uku ina riƙe da magana."

Dattijuwar ta yi magana daga baya, karo na farko tun da muka taso. "Juya, direba. Nonon nan in ya zube, shanu na nan."

Komawa baya, tara saura kwata

Malam Ilu ya juya motar a tsakiyar titi. Ya ce in bas ɗin ta riga mu hawa babban titi, shi ke nan, ba mai kamo ta. Ya yi bisimilla ya taka. Allura ta bar biyu, ta wuce uku, ta wuce huɗu. Motar ta ɗauki rawa, gilasai na kaɗawa. Biyar. Na ga muƙamuƙinsa ya ɗaure kamar shi ake yi wa ciwon. Sai ta shiga ja ta zauna, injin na wani irin kuka da na sani, don na taɓa jin sa a filin ƙwallo. Ya danne oda, ya kunna fitila, ni na fito da rabin jikina ta taga ina kaɗa hula. Warin ƙauri ya fara shigowa. Nono ya fantsamo mini a ƙeya.

Saura kaɗan a kai mararraba, sai na ga jar fitilar bayan bas ɗin ta kama. Ta gangara gefe ta tsaya. Ƙofar gaba ta buɗe, Baba ya sauko da sandarsa, fuska a murtuke, bai ma duba ko su wane ne ba.

"Wane marar imani ne ke yi ma inji wannan azaba?" Sai ya gane direban. "Ilu? Ni na koya maka haka?"

"A'a Baba. Ranar buƙata ce."

Na fito na zube a gabansa cikin taɓo. Duk kalmomin da na kwana ina jerawa suka gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ba tsohuwar mota ba ce. Ka yahe mani."

Ya daɗe yana kallona, alhazai sun leƙo ta tagogi. Sannan ya ɗora hannu a kaina. "Tun da na ji kukan injin nan na ce ma direba shi tsaya, na san da wuya babu hannunka ciki." Mutane suka yi dariya, ni ina hawaye. "Na yahe maka duniya da lahira. Ni ma ka yahe mani, na bar ka kana ɗauke da ita. Tashi, kar ka sa mu rasa jirgi." Ya juya ga Malam Ilu ya ce kar ya kashe motar nan take, ya bar ta ta huce a kunne, ya duba baƙin mai. Duk tsayuwar ba ta kai minti huɗu ba.

Kusada, goma da rabi

Sauran hanyar a kan lamba ɗaya da rabi muka yi ta, shuɗin hayaƙi na bin mu. Muka sauke dattijuwar a bakin kasuwa da rabin nonon ƙwaryarta, na miƙa mata kuɗin wanda ya zube, ta ƙi karɓar ko sisi. Malam Ilu ya ce gobe zai mai da motar wurin bakanike, na ce tare za mu je, wannan aikin nawa ne.

A gida na tarar da a-kori-kurar inda na bar ta, ƙarƙashin dalbejiya, tayoyi sun sace, kaji sun mai da bayanta wurin ƙwai. Hajo ta kawo mini fura, sannan ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini mabuɗin motar mai igiyar fata.

"Da asuba Baba ya ba ni. Ya ce in ka zo in ba ka. In ba ka zo ba, in ajiye har ran da za ka zo."

Na buɗe ƙofar na zauna a kujerarsa. Ƙura ta rufe agogon, na share da hannun riga, allura na kwance a ƙasa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sada ni da mahaifina a bakin hanya. Na gode wa Malam Ilu, da wannan baiwar Allah da ko sunanta ban tambaya ba. Allah ya karɓi ibadar Baba, ya dawo mana da shi lafiya. Na riga na yi magana da bakanike a kan injin a-kori-kura. Ran da alhazai za su sauka, da ita zan je tarbarsa, kuma ko za mu kai la'asar a hanya, ba zan wuce lamba biyu ba.