Kwanon Masa a Maamobi

Gari bai gama wayewa ba muka bar Legas, mu uku daga majami'armu ta Zariya, bayan mun kwana a hanya. Kwamitin bishara ne ya aike mu Accra mu duba aikin wani ɗan'uwa da muka tura Zongo, wato unguwannin Hausawa na can. Gaskiyar magana, an ƙosa da shi. Shekara uku, masu sujada shida kacal! Ni kaina na tafi ne da niyyar in ce ya haɗa kayansa ya dawo gida.

Hanyar Kwatano zuwa Lome lafiya lau take, teku na hannun hagu, sai dai tsallaka iyaka uku a yini ɗaya ba wasa ba ne. A Aflao, bakin iyakar Ghana, muka canza kuɗi zuwa sidi, kuɗin ƙasar. Da aka miƙo mini 'yan sidin, sai da na sake duban mai canjin, na zaci wasa yake yi.

Dab da magariba muka shiga unguwar Nima a Accra. Lunguna matsattsu, ko'ina ƙamshin tuwon zafi da soyayyen kifi, ga Hausa a bakin kowa, an gauraya ta da Twi da Turanci. Washegari ɗan'uwan ya kai mu Abossey Okai, kasuwar kayan mota, inda muka tarar ashe gyaran birki yake yi.

Na ce, "Haba! Wannan muka turo ka yi?"

Ya ce, "Baba, Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Korinti, a bakin aikin ya san mutanen garin." Ni dai ban gamsu ba.

Kwana na uku ya zo daidai da addu'ar bakwai ta mahaifiyar Alhajin da ɗan'uwan yake haya a gidansa a unguwar Maamobi. Muka je gaisuwa. Ɗan'uwan namu ne ke jera benci yana raba ruwa, kowa na kiran sa Fasto. Bayan malamai sun shafa, sai aka kawo mana masa cike da kwano daga cikin gida. Ni kuwa tun tasowata ba na cin abincin sadakar mamaci. Na sa hannu na tura kwanon gefe.

Fuskar ɗan'uwan ta canza. Ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Baba, a nan in kwano ya koma cikin gida a cike, matan za su ce mun ƙyamace su, kuma kafin yamma unguwa ta ji. Shekara biyu na yi kafin a fara aiko mini da abinci. Ku tuna da Bitrus. Sai da Ubangiji ya tsawata masa kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyus."

Kunya ta kama ni. Ni da nake koyar da labarin nan shekara da shekaru, yau ga ni na zama Bitrus ɗin. Na jawo kwanon, na yi godiya ga Allah, na ci. Masar ma da daɗi, har abokan tafiyata suka fara yi mini dariya ƙasa-ƙasa.

Da za mu tafi, Alhaji ya rako mu bakin titi, ya kama hannuna. Ya ce, "Malam, na ji kun zo ɗauke Fasto. Wata takwas tsohuwa tana jinya, shi ke kai ta asibiti. Ranar ƙarshe ita da bakinta ta ce ya yi mata addu'a irin tasu, ban hana ba. Ku bar mana shi." Idona ya ciko.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Manzanni zama suka yi da mutane, suka yi sana'a a cikinsu, suka ci abin da aka ajiye musu. Mu kuwa muna daga nesa muna ƙirga kawuna.

Mun iso Zariya lafiya, ranar Lahadi na tsaya gaban kwamiti. Shugaba ya ce, "To, Dattijo, mutum nawa suka ƙaru?" Na ce ko ɗaya. Na ce amma in har za a kira shi gida, sai a nemi wanda zai je ya gaya wa Alhaji, don ni dai ba zan iya ba. Babu wanda ya ɗaga hannu.