Kabarin da Ke Bakin Teku

Warin buhun algarara idan ruwa ya taɓa shi, shi ke tuna mini da Kaka. Wan kakana ne na wajen uwa, shi ya riƙe Inna tun tana goye, a gidanmu na Gummi.

Ka san Ikko, Legas ɗin nan? To, akwai abin da ba a faɗa a tarihinta. Lokacin da gyaɗa da fatu ke cika jiragen ruwa, da wuyan mutanen ƙasarmu aka ɗora wasu. In an gama yankan shinkafa a fadama, sai samari su tafi cin rani. Kaka ya tafi da ƙanensa, mahaifin Inna. Suna da rumfunansu a bakin ruwa, da ɗan masallaci, da rijiya, da maƙabarta a baya. Zazzaɓi ya kama ƙanen ya rasu, Kaka ya binne shi da hannunsa, ya dawo gida shi kaɗai.

Mu ba ma sa alama a kabari, sai dai wanda ya gina ya riƙe wurin a kansa. Shi ya sa Kaka ya matsa mini. Bayan la'asar, yana gyaran tarunsa a ƙofar gida, damina ko rani, sai ya kira ni ya zana hanyar kabarin a ƙasa da yatsa. Nan tashar jirgin ƙasa, nan gada, nan rijiya. Daga rijiya ka fuskanci gabas, taku kaza, sai itatuwan kwakwa.

Ni kuwa shashasha, dariya nake. Wai ruwa mai gishiri, wai ba a hango ƙetarensa! Mu da muke ninƙaye gulbi mu haye kafin a ƙirga ɗari? Nakan taka zanen in ruga wurin abokaina.

"Kai wanga yaro, tsaya," in ji shi. "In na mutu, wa za shi kai ma uban uwarka gaisuwa?"

Ban tsaya ba, wallahi. Ya rasu ina sakandare.

Na girma, na shiga kai albasa kudu. Ranar da zan fara zuwa Ikko, Inna ta biyo ni har zaure. Ba ta taɓa roƙona komai ba sai ranar.

"Ubana, ban san huskatai ba," ta ce. "Ka tsaya gabatai ka yi mai addu'a, ka ce ɗiyatai ta tsuhwa."

Na sami tashar, na sami gadar. Daga nan sai katanga, da manyan motoci, da kwantenoni an jibge wani kan wani. Na yini ina tambaya. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce ya taɓa jin an yi rijiya can ciki. Mai gadi ma ya ji tausayina, ya ce in faɗi wurin ya raka ni. Ashe lissafin Kaka ya ɓace mini. Taku arba'in ne ko saba'in? Itatuwan uku ne ko biyar? Na ɗaga hannu a jikin katanga na yi addu'a, hayaƙin mota na shiga mini ido.

Da na dawo, Inna ta ce, "Ka ishe shi?"

Na ce na same shi.

"Da inuwa wurin?"

Na ce akwai inuwa. Allah ya yafe mini.

Yanzu samarin garinmu kullum suna hanyar Ikko, su yi acaba, su dawo da waya mai nuna taswira. Ba wanda ya san akwai namu kwance a ƙarƙashin kwaltar nan. Ina ɗora laifi kan garin da ya canza, amma na san nawa ya fi yawa, kuma abin yana ci na.

Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Makon jiya ta laluba ta kama hannun babban ɗana, ta sa a nawa.

"Zauna ka koya mai hanyar," ta ce, "tun kana da rai."