Ranar da Na Gyara Agogon da Bai Lalace Ba

Ni tun a Khartum agogo ne ciwona, kuma ba wanda ya koya mini. Matattun agoguna nake tsinta a kasuwa in farke cikinsu da bakin reza, in na tayar da ɗaya sai in je gindin hasumiyar cocin Turawa in saita shi da nasu. Shi ya sa washegarin saukata Jidda, da kawuna ya ce in biyo shi masallacin da yake wa aiki, ko shayina ban shanye ba.

Masallacin a cikin Balad yake, tsohon garin Jidda, shi ma tsoho tukuf, da dutsen da ake haƙowa daga teku aka gina shi. Kowa a wurin da fanninsa. Akwai mu'allim, wato babban magini, wanda na tarar yana lasar bango da harshe, wai ta haka yake jin inda gishiri ya fara cin gini. Akwai ladan, wani ƙaton dattijo da ke barcin hantsi a ɗakin tabarmi. Kawu kuwa agogo ne nasa, dogo mai akwatin katako, an kafe shi sama da tsayin mutum. Gwiwa ta hana kawu hawa tsani, kuma nazir, mai kula da masallacin, ya ce ko ya kawo magaji ko a ba wani mai shagon agogo aikin. Ni ne magajin, in nazir ya yarda.

Muna shiga na ga agogon yana nuna ƙarfe huɗu. Na saci kallon na hannuna, wanda na saita da rediyo, goma saura kaɗan. Tausayin kawu ya kama ni, na ce ashe ba gwiwa kaɗai ba ce, har da ido. Kawu ya miƙo mini makulli ya ce in goge gilashin kawai, shi zai je ya taho da nazir.

Yana fita na haye tsani don in rufa masa asiri. Ku ji yadda ake yi, don abin da daɗi. Agogo mai bugawa sai a hankali, ka tura dogon hannun gaba, ka tsaya a kowace awa ya sauke bugunsa. Na danne 'yar gudumarsa da yatsa don kada a ji bugun, har na kai tara. Da na iso goma sai son a sani ya ɗebe ni, na sake ta.

Abin da ban sani ba, a lokacin Jidda da faɗuwar rana take lissafi. Kowace magariba mai agogo zai mayar da hannu kan sha biyu, daga nan a fara ƙirga. Azahar wajen ƙarfe shida take, la'asar tara da wani abu. Ladan yana kwance ya ƙirga bugu goma, ya tabbata ya kwashe azahar da la'asar duka a kan tabarma.

Ya fito ba rawani, takalmi ƙafa ɗaya, yana salati, ya afka matakalar hasumiya. Mu'allim yana gani, inuwar bangon gabansa kuma ta nuna masa hantsi ne, amma ya ƙyale shi ya hau. Sai can ƙoli ladan ya ga rana tana gabas, gefen Makka, ko waiwayar tekun da ke yamma ba ta yi ba.

Ya sauko daidai shigowar kawu da nazir. Ya tambaya wane ɗan albarka ne ya taɓa agogon, ni kuma ina kan tsani da makulli a hannu. Ya kira ni da sunaye na Larabcin Jidda da ban taɓa ji a Khartum ba, kawu ya ƙi fassara mini ko ɗaya. Mu'allim ya ce ai a gode mini, shekara nawa rabon da a ga ladan yana gudu.

Nazir bai yi dariya ba. Ya zaro agogon aljihunsa.

"Yalla, ya walad," in ji shi, wato maza yaro, "juya shi baya."

Na ce, "Ya ammi," wato baffa, "ba a juya irinsa baya, haƙoransa za su karye. Sai dai in zagaya da shi gaba."

Nazir ya dubi kawu. Kawu ya ce shi bai faɗa mini ba, jiya na sauka daga jirgi. Nan na bi awa shida ɗaya bayan ɗaya, yatsana kan guduma, gumi har idon sawu, su huɗu suna kallo.

Nazir ya ce halas, wato shi ke nan, in riƙe makullin, amma wata uku kawu na tsaye a gindin tsani. Ladan ya ce shi ma da sharaɗinsa, ya daina yarda da bugun agogo, kullum ni zan zo in tashe shi da hannuna.

Da magariba ya leƙo daga hasumiya ya kaɗa mini mayafinsa, alamar rana ta nutse a teku, na ɗora hannayen biyu kan sha biyu. Kawu daga ƙasa ya ce na wuce da rabin minti.